Fim Goma Sha Ɗaya da Kwandon Iri Uku

Bana ruwa ya riga mu shiri. Ba a gama rufe rudu ba, wato rumfunan karan nan da muke jibge albasa a kai ta jira kasuwa, sai hadari ya haɗo daga gabas ya zuba abin da ya ga dama. Washegari rana ta fito da zafinta. Kwana huɗu bayan nan duk Aliero ta ɗauki wari. Wanda bai zauna garin albasa ba bai san warin da nake nufi ba. Ba na yankakkiyar albasa ba ne mai sa hawaye. Wani ne mai nauyi, mai ɗan zaƙi-zaƙi, da yake kwanciya a maƙogwaro ya bi mutum har cikin tuwo.

Ina zaune da wannan warin a hanci 'yata Luba ta turo mini saƙon murya daga Maiyama, inda take aure.

"Umma, matan zaurenmu na waya suna jiran ki. Waɗanne fina-finai kinka hi so cikin shekarag ga da taw wuce? Kak ki ce sai kin yi tunani, kowa ya san kin yanke hukunci tun tuni."

Gaskiyarta. Ni mayyar fim ce, ban taɓa ɓoyewa ba. Na haura hamsin, ina da jikoki, amma duk mako sai na miƙa wa maigida memorina ya biya da ita wurin masu tura fim a bakin tasha. Yana mita, yana karɓa. Na lissafa wa Luba guda uku. Na farko na wata ungozoma ce da aka tura ƙauye ta tarar ko gadon haihuwa babu, kuma na so shi don ba a sa mata kwalliya tana tsakar aiki ba. Na biyu na Indiya ne mai fassara, wa da ƙani suka raba gida da katanga har ta ratsa tsakiyar rijiya. Na uku mai dogon zango ne, ina kallonsa ina jin haushinsa, don mutum ɗaya ya kwashe mako shida yana jinya bai mutu ba bai tashi ba. Duk da haka ban tsallake ko kashi ɗaya ba, to dole na sa shi a lissafi.

Na tura mata, ta turo dariya. Sai dai warin nan bai bar ni na tsaya a bara ba. Ya mai da ni wata shekara, sama da talatin baya, wadda a cikinta ban kalli fim ko ɗaya ba, amma ba shekarar da fim ya shiga rayuwata kamarta.

Ni 'yar Jega ce, Sabon Gari, gidan mahauta. Babana yana da tukubar tsire a bakin kasuwa, kuma tun ina shekara bakwai aikina ɗaya ne. Kullum da rana a ajiye mini albasa da wuƙa, in sare kai, in sare gindi, in zare ɓawo, in jefa a daro. Na iya har ba na duban hannuna. Yayana kuma yana da bidiyo da ɗan janareto, irin na farko-farkon nan, yana nuna wa maza a zaure. Ranar da ya ga dama sai ya shigo da shi cikin gida mu mata mu kalla. Na Indiya ne da na 'yan Sin, ba fassara, na Hausa kuwa ba su iso mana ba tukuna. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma in na kalli fuska na san abin da aka ce. Kafin aurena na haddace guda goma sha ɗaya daga farko har ƙarshe.

Nomau shi ke kawo wa babana albasa daga Aliero. A nan muka ga juna, muka daidaita. Da aka kawo ni, gidan mutum biyu na tarar: shi da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba. Inna doguwa ce, busasshiya, ba ta da yawan magana, kuma tun ranar farko ta raɗa mini Ta-Jega.

Gidan gidan iri ne. Lambunsu a fadama kashi biyu ne. Gefen tudu ana noma albasar sayarwa. Gefen rijiya, inda ƙasa ta fi kyau, nan ake binne zaɓaɓɓun ƙwayoyi bayan ɗaukewar ruwa, su yi fure su ba da baƙin irin da mutane ke zuwa nema tun daga Mungadi. Da wannan aka san marigayi, kuma shi ke riƙe da gidan. Amma ba a raba gadon lambun ba tsakaninsa da ƙaninsa Bappa Garba, kuma ƙa'idar dangin a bayyane take: fangalin lambun da ba ka dasa ba, ɗan'uwa ya dasa. Don haka ƙwayar iri ita ce ƙasar. Iya abin da ka tsirar zuwa kaka, iya filin da za ka riƙe.

Daminar da ta gabata ta yanke gero yana fitar da kai. Rumbu bai kai rabi ba, kuma kafin bazara ta yi nisa muna jin ƙwarya tana kartar ƙasansa. Ido duk ya koma kan albasa. An cire ta, an yanke lawashi, an jera a rudu biyu a bayan ɗakin Inna. Zafin shekarar ba na manta shi. Ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta. Tabarma ba ta zaunuwa sai an yayyafa mata ruwa, awaki su lafe jikin katanga suna haki, ita katangar ma zafi take fitarwa. Muna cikin haka wata la'asar iska ta taso ta yaye rufin rudu duka biyu, ruwa ya biyo baya. Muka fita da tabarmi da zannuwa muna rufewa, amma kafin mu rufe rabi ruwa ya ratsa har ƙasa. Bayansa sai ya ɗauke na mako uku, rana ta dafa abin da ya jiƙa.

Nomau ya kwashi wadda za ta sayu ya kai kasuwa, ya tarar kowa irin tasa ya kawo. Abin da ya samo bai wuce hatsin 'yan makonni ba. Daga nan ya raba kwanakinsa: wasu a gonarmu, wasu ƙwadago can wajen Sarandosa. Aka bar mu mu biyu da rudu biyu.

Aikin albasar da ruwa ya taɓa ba ya da dabara sai hannu. Da an yi sallar asuba mu sha kunu, wanda in ka karkata ƙwarya kana hango gindinta. Sai a fara saukewa ɗaya bayan ɗaya. A danna wuyanta da babban yatsa, a sansana, a ware kashi uku: mai lafiya, mai tabo, ruɓaɓɓiya. Mai lafiya a shanya a inuwa a juya, ruɓaɓɓiya a kai bayan gari. In ka bar ruɓaɓɓiya ɗaya a tsakiya, kafin jibi ta ja goma. Inna ta gwada ni kwana biyu, ta bi bayana ta tsinto bakwai da na ce lafiyarsu lau.

"Yatsanki bai san albasa ba," in ji ta. "Hannun mahauta na, a ba shi wuƙa."

Ta kife mini turmi a inuwar darni, ta tura mini kashin mai tabo. Aikina in sare, in ɓare, in yanke inda ya lalace, abin da ya rage a yayyanka a shanya ko ya shiga tukunya. Na ji zafin maganar, amma ba ƙarya ta yi ba.

A al'ada in aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira matan maƙwabta, a dama musu fura, a tashi da su da ɗan abin miya. Mu ba mu da furar. Inna kuwa ta gwammace albasar ta ruɓe a kanta da ta kira mutum ya tashi baki busasshe. Ruɓa tana gudu, mu muna tafiya.

Yunwa tana sa ni gyangyaɗi da hantsi, ga wuƙa a hannu. Wata rana don in kori barci sai na fara ba da labarin wani fim a bayyane, na wata mai tallar madara da ɗan sarkin da ya ɓad da kama ya zama mai kiwon shanunsu. Har muryoyinsu nake yi.

"Wanga surutu na mi na?" in ji Inna, ba ta ko ɗago ba.

Na katse labarin. Sai murya ta fito daga bayan darni.

"To sai anka yi ƙaƙa? Uban ya gane shi?"

Tumba ce, maƙwabciyarmu, mace mai jiki da dariya, 'ya'yanta shida. Ashe tun ɗazu ta bar wanki tana saurare. Ta zagayo ta kafar darni ta nemi wuri ta zauna. Inna ta dube ta ta ce a gidanta ba a zama hannu sake. Tumba ta ja kwando gabanta ta ce, "Ci gaba, amarya."

Washegari ta zo da mata biyu. Kafin mako ya zagayo sun kai bakwai, duk matan manoma, duk yatsunsu sun san albasa. Ba wadda ta taɓa ganin fim ko sau ɗaya. Inna ta ga abin da ke faruwa sarai, sai ta kafa doka: in hannu ɗaya ya tsaya, bakina ya tsaya. Haka kuwa aka yi. Da wata ta saki baki ta manta da kwandonta sai Inna ta yi gyaran murya, in ja birki ko da an ɗaga takobi za a sare wani. Sauran su yi wa mai laifin caa har ta koma aiki. Ni ma na koyi tawa dabarar. Da an kira azahar nake tsayawa, kuma ba na tsayawa sai a inda rai ya fi tashi.

Kowa da gwaninta. Tumba na 'yan Sin take so, musamman na wani gurgu mai gyaran takalma da ya tashi mutum goma da sanda. Sai da na ba da shi sau uku. Wasu sun fi son na makahon mawaƙi, don suna samun dalilin kuka ba tare da an tambaye su me ya faru a gida ba. In an zo waƙa sai in yi ta da muryar hanci da kalmomin da ni ma ban san ma'anarsu ba, su yi ta dariya har da riƙe ciki. Inna ba ta dariya, ba ta tambaya. Amma ranar da na rikita sunan wani mugun attajiri, ita ta gyara mini, sannan ta ɗaure fuska ta ce a miƙo mata kwando.

Damina ta zauna. Zafi ya ragu, laima ta maye gurbinsa, komai na ɗaka ya yi danshi har ashana ba ta kamawa. Abinci ya koma ganye. Tafasa yau, rama gobe, a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu, a zuba albasa mai tabo don ita kaɗai ce ba a aunawa. Tuwo sau ɗaya a yini, shi ma mara ɗaya-ɗaya. Nomau ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni kuma in na miƙe daga kan turmi sai na dafa darni kafin duhun idona ya washe.

A haka muka gama da rudu biyun. Wadda ta tsira aka sayar a hankali aka sayi hatsi. Daga cikinta Inna ta zaɓi kwando uku da hannunta, manya masu siririn wuya da busasshen ɓawo. Ta shimfiɗa su a kan gadonta na kara, ita ta koma tabarma a ƙasa. Ba mai taɓa su sai ita. Kwando uku shi ne daidai abin da zai cika gefen rijiya.

Bappa Garba ya zo gaisuwa wata Juma'a, ya tsaya daga bakin zaure.

"Na ji ruwa ya yi muku ɓanna. Iri dai ya tsira?"

"Ya tsira," in ji Inna. "Kwando ukku."

"Madalla, madalla. In da abin ya gaza, ai gida ɗai na, ba a barin ƙasa ta kwana banza."

Da ya tafi Inna ta shiga ɗaki ta sake juya su, ko da yake da safe ta juya.

Aiki ya ƙare amma matan ba su daina zuwa ba. Sai suka riƙa tahowa da nasu aikin, mai tsinkar rama, mai kaɗi, mai saƙar faifai. Kuma ba sa zuwa hannu biyu. Wannan ta kunto ɗan tsaki daga bakin zane, waccan ta ajiye dunƙulen dawo a gefen randa kamar ta manta shi. Su ma ba wadata gare su ba. A marka, lokacin da sama ke kwana uku ba ta buɗe ba, wannan abin shi ya riƙe tukunyarmu, kuma Inna ta kau da kai ta bar shi.

Matsalar ita ce goma sha ɗayan sun ƙare, har na maimaita. Na ji tsoron ranar da zan ce babu. Sai na fara ƙirƙira. Na ce akwai wani da na manta, na matar wani mai fito da ambaliya ta tsinke igiyar kwalekwalensu da jaririnta a ciki, ta bi gaɓar gulbi shekara da shekaru tana nemansa. Na ce a Indiya ne, amma gulbin na Jega ne, har bishiyoyin bakinsa. Da safe nake ƙulla na ranar ina shara. Wannan ya fi duk na gaskiyar kama su. Suka riƙa gardama a kansa, har Tumba ta yi rantsuwa in yaron ya mutu ba za ta sake shigowa gidan ba.

Muna kwana na shida a cikinsa zazzaɓi ya kwantar da Inna. Kwana uku tana rawar ɗari, ba ta iya ɗaga kai. A na ukun rana ta ɗan leƙo, sai Inna ta kira ni.

"Ta-Jega, iri ya kwana ukku ba a juya shi ba. Ki hidda shi inuwa shi sha iska. Kak ki matsa, kak ki zaɓa. Ki juya ki maido."

Na ji daɗi har cikin raina, don wannan ne karo na farko da ta ba ni amanar wani abu. Na kwashe su a kwanduna na fito da su, na ajiye gefen turmina. Ban kai ga shimfiɗa tabarma ba matan suka shigo, don ranar ce na yi alkawarin matar mai fito za ta isa garin da ɗanta yake. Na ce bari in fara, in riƙa juyawa muna tafiya. Na zauna. Wuƙata tana inda take kullum, soke a jikin darni, daron kuma yana gefen hagu.

Ni kaina ban san ƙarshen ba, ina magana ina nemansa. Na kai ta ƙofar wani gida, na sa ta roƙi ruwa, na sa wani saurayi ya fito da moɗa. Na hana ta gane shi, na hana shi gane ta, na kawo wata tsohuwa da ta san sirrin ta tsaya tana kallonsu. Idona yana zubar da ruwa, na matan ma haka, kowa ta ɗauka labarin ne. Sun yi wata uku suna ganina a kan turmin nan da wuƙa, ba wadda ta ga wani sabon abu. Gidan kuma ya riga ya rine da warin albasa, hanci ya daina ji.

Tumba ce ta sunkuya ɗaukar zarenta da ya gangara kusa da daron.

"Amarya, wace albasa ta wagga? Ba ni ganin tabo gare ta."

Na duba. Daro ya cika ya yi tozo, wasu sun zubo ƙasa, jajaye suna ƙyalli, kowace an sare mata kai an sare gindi. Ɓawo ya rufe mini ƙafa har idon sawu. Kwando biyu sun tafi, saura 'yan ƙwayoyi a gindin na biyun. Albasar da aka sare wa gindi ba ta tsiro, wannan ko ni na sani.

Labari ya tsaya cak. Shirun ne ya fito da Inna, tana dafa bango. Ta tsaya a kan daron ta daɗe.

"Mu duka munka yi, Inna," in ji Tumba. "Hankalinmu ya tahi."

Inna ta ɗauki ɗaya ta juya ta a hannu.

"Ɗiyan manoma ba su sare gindi haka. Na san hannun."

Ta ce kowa ta tafi gida, kuma duk wadda ta faɗa wa mijinta abin da ta gani ba ta yafe ba. Da suka fita na durƙusa a gabanta. Ta ce in mai da kwando ɗayan ɗaki. Na mayar. Ta ce in ba ta wuƙar. Na ba ta. Sai ta zauna a kan turmina, ta ja daron gabanta, ta tura ƙafafunta cikin ɓawon.

"Inna, ki koma ki kwanta, ni za ni hwaɗa ma Nomau."

"Ba ki hwaɗin komi. Ke baƙuwa ta, shekara guda ba ki cika ba. In yaj ji ke ta, dangi za su ji, ba ki sake ɗaga kai garin ga. Ni uwatai ta, ba shi da inda za shi kai ni. Shiga ɗaka."

Daga azahar har la'asar sakaliya tana zaune a nan, zazzaɓi yana kaɗa ta, ina hango ta ta asabari. Nomau ya shigo da fartanya a kafaɗa, taɓo har gwiwa, tun kunun asuba bai sa komai a ciki ba. Ya ga daron. Ya leƙa ɗakinta ya ga gado ya koma kwando ɗaya.

"Inna, mi na wanga?"

"Zazzaɓi ya ruɗe ni. Na zaci mai tabo ta."

Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, kafin ranar ko bayanta.

"Shekara arba'in Baba shina tattalin irin ga, kin kashe shi yini guda. Da kin kwanta kin bar mutane sun huta da ke."

Har maƙwabta sun ji. Inna ta sunkuyar da kai. Ni ina tsaye bayan asabari, taku uku tsakanina da su, na toshe bakina da zane. Tsoro ne ya riƙe ni, ba biyayya ba, wannan na sani tun a lokacin. Ya jefar da fartanyar ya fita. Bayan magariba ya dawo ya durƙusa a ƙofarta yana kuka, ta ce ta yafe, ya tashi ya ci abinci.

Albasar kuwa ba ta shanyuwa a marka. Muka rarraba wa matan, muka ci sauran. Ita ce lafiyayyiyar albasa ta farko da ta shiga tukunyarmu a shekarar. Zaman labari ya mutu daga ranar, ba wadda ta sake tayar da shi. Sai bayan Inna ta warke, muna surfen sabon gero mu biyu, ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba.

"Matar mai fiton nan, ta gane ɗanta?"

"Ta gane shi, Inna."

"To madalla."

Da ruwa ya ɗauke aka binne kwando ɗayan. Ya cika kashi ɗaya cikin uku na gefen rijiya. Bappa Garba ya dasa sauran, ya ce na bana kawai. Yau jikokinsa ne a wurin, da injin ban ruwa da dogon tiyo. Irin marigayi bai ɓata ba, daga wancan kwandon ne wanda muke sayarwa har yanzu, sai dai ba mu sake komawa yadda gidan yake ba. Inna ta ƙara shekara goma sha biyu. Ta koya wa yatsana albasa har na fi ɗanta, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Shi kuwa duk Sallah sai ya je ya durƙusa ya sake neman gafarar kalmar nan, tana ce masa ya ishe ta. Bayan rasuwarta, in muka wuce gefen rijiya ko aka ambace ta, abu ɗaya yake faɗa: "Allah shi jiƙan Inna, shi yahe min abin da nic ce mata." Ni kuma in ce amin.

Yanzu akwai tamfol, akwai masu aikin zaɓe da ake ɗauka da yini, ni kuma fim ɗina a waya nake kallo ni kaɗai da abin kunne. Amma ruwan bana ya shiga rudunmu ɗaya duk da tamfol ɗin. Ran Alhamis da la'asar Nomau ya dawo daga can, warin ya kama rigarsa, ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafa. Ya ce warin nan yana tuna masa da wata shekara. Sannan ya faɗi abin da ya saba faɗa. Na buɗe baki zan ce amin, sai na ji ba zai fito ba. Na gaya masa duka, tun daga kwandon da na ajiye gefen turmi.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗago ya dube ni.

"Ita tac ce kak ki hwaɗi?"

"Ita ta."

"Tana zaune da wuƙa tana jirana, tana rawar ɗari."

"Tun azahar."

"Ke kina ina?"

"Bayan asabari."

"To kin ji abin da nic ce mata."

"Na ji."

Ya ɗauki hularsa ya miƙe. Na zaci zai fita bai ƙara komai ba. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Gobe Juma'a, ki shirya abin sadaka. Shekara talatin ni ɗai nika roƙon gahwara. Daga yau mu biyu na."

Na tashi na auno gero na jiƙa.